Me ya sa masu ɗaukar hoto ke ji da kyamararsu haka?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne a Daura. Ina da ƙane da ya kamu da son ɗaukar hoto tun yana makaranta, yanzu har yana ɗan samun aikin biki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda yake ji da kyamararsa. Ya raɗa mata suna, wai Gimbiya. Kullum da daddare sai ya goge ta kafin ya kwanta. Ranar sunan ɗana yana da wani uzuri, na ce ya ara min ita zuwa azahar, ya ce sai dai in yi haƙuri. An taya ta fiye da yadda ya saya, ya ƙi sayarwa, alhali tsohuwa ce. In suka haɗu da abokansa kuwa, ba su da hira sai yabon kyamarorinsu. Ga waya a aljihun kowa tana ɗaukar hoto tangaran. Mene ne sirrin abin, kuma akwai abin damuwa a ciki?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya abin da aka samu, ya yi masa albarka.

In na fahimce ka, tambayarka kashi biyu ce. Kana son sanin abin da ke sa mutum mai hankalinsa ya shaƙu da ƙarfe da gilashi har ya sa musu suna, sannan kana son a faɗa maka ko ƙanenka ya wuce gona da iri. Akwai kuma ta uku da ba ka furta ba amma na ji ta, wato zafin hana ka aro ranar suna. Zan zo kanta. Ni a nan Katsina nake wannan sana'a tun zamanin da ake ɗaukar hoto da fim, kuma gara ka sani tun yanzu cewa wanda ka kawo wa ƙara shi ma yana da irin ciwon.

Hannu ne ya fara sabawa

Wanda bai riƙe kyamara don aiki ba yana ɗauka saita ta kawai ake yi a danna. A cikin kowane hoto akwai abu uku da mai ɗauka ke yanke hukunci a kansu: faɗin da ƙofar gilashi za ta buɗe, tsawon lokacin da labulen ciki zai ɗage haske ya shiga, da kuma ƙarfin jin haske na farantin da hoton ke sauka a kai, wanda muke kira sensa. In ka taɓa ɗaya sai ka gyara sauran.

Ɗauki ranar hawa, ko na Sallah a Ƙofar Soro ko na Sallar Gani a wajenku. Mahaya sun taso a sukwane za su yi jafi. In kana son ƙafafun doki su fito sarai ba su dushe ba, labulen nan bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa a buɗe ba. Kafin ka sauke numfashi Sarki ya ƙaraso, fuskarsa na cikin inuwar laima, ga farin rawani da amawali suna ɗaukar ido, ga ƙurar dawakai ta rage hasken rana. In ka bar kyamara ta yi wa kanta hukunci, farin rawanin zai ruɗe ta, ta duhunta fuskar. Dole ka canza saiti, kuma ba ka da damar cire ido ka duba inda maɓalli yake. Yatsa ne zai je da kansa. Babban yatsa ya san ƙafar juyawa ta baya, manuni ya san ta gaba, ya san sau nawa zai murza. Wannan sabo ba a samun sa a wata guda, kuma da kyamara ɗaya ake yin sa. Ba wa ƙanenka wata ta wani kamfani, ko da ta fi tasa tsada, za ka ga yana lalube. Ko ɗaura gilashi ma, ɓangaren da ake murza na Nikon daban da na Canon, ɗaya hagu ɗaya dama.

Masana ƙwaƙwalwa sun ga alamar wannan. A 1996 wani masani ɗan Japan, Atsushi Iriki, da abokan aikinsa sun koya wa birai janyo abinci da ɗan manjagara. Suka gano cewa wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da aikinsu lura da abin da ke kusa da hannu, bayan biri ya yi amfani da manjagaran sai iyakar lurarsu ta miƙe har zuwa bakinsa. Ƙwaƙwalwa ta lissafa kayan aikin cikin jiki ke nan. Don haka in mai hoto ya ce maka in ya fita ba kyamara yana jin bai cika ba, ba duka ne salon magana ba.

Ku mutanen Daura ba sai an yi muku dogon bayani ba. Mahayin da ya saba da dokinsa ya san inda yake firgita, ya san yadda yake karɓar linzami, kuma ko an kawo masa wanda ya fi shi kyau ranar hawa, nasa zai hau. Ba wanda ke mamakin jin doki da suna. To, Gimbiyar ƙanenka daga nan ta samo nata.

Aikin da ba a maimaitawa

Dalili na biyu a wurina ya fi na farko nauyi. Yawancin abin da muke ɗauka sau ɗaya yake faruwa. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto bai shirya ba. Ba a ce wa mai saukar karatu ya koma ya sake karɓar allo. Tsohon da ya sa wa jikansa albarka yau, wataƙila baɗi ba ya nan. Mai hoto yana shiga taro da nauyin mutane a wuyansa, kuma abin da zai fitar da shi kunya ko ya kunyata shi yana rataye a ƙirjinsa.

A zamanin fim abin ya fi haka tsanani. Fim ɗaya hoto 36 ne, wani 24, kuma ba ka ganin ko ɗaya sai an wanke. Ka gama biki, ka kai wanki, ka dawo gida ka kwana da zullumi, sai ka ɗaga dodon hoto a haske sannan hankalinka ya kwanta. Kyamarar da ta yi ta fitar da kai irin wannan dare, shekara bayan shekara, ba ka kallon ta yadda kake kallon fanka ko rediyo. Shi ya sa har gobe in ka ambaci Pentax K1000 ko tsofaffin Yashica a gaban dattawan sana'ar nan sai ka ga fuskarsu ta saki. Ita K1000 an fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997. Ba ta da wani ƙawa, amma ko batirinta ya mutu tana ɗauka, ma'aunin haske ne kawai ke tsayawa. A garin da batir ke wuyar samu, wannan kaɗai ya isa a so ta.

Yau muna ganin hoto nan take a bayan kyamara, amma amanar tana nan. Kuma da tafiya ta yi tafiya, kyamarar kan zama ma'ajiyar tarihin mai ita. Ya san inda ta samu kowane ƙarzuwa: wannan ranar da doki ya ture shi, wancan ranar da ya faɗi a babur a hanyar ƙauye. Da ita ya ɗauki aikinsa na farko da aka biya shi. In ƙanenka ya ce yana son kyamararsa, rabin abin da yake nufi shi ne yana son abin da ya gani ta cikinta da mutumin da ya zama saboda ita.

Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Na sha ganin yaro mai kunya, wanda ko gaisuwa a majalisa ke yi masa nauyi, ya rataya kyamara sai ga shi yana tsara manyan mutane, yana ce wa wannan matso, wancan gyara hula. Dogarai su buɗe masa hanya inda suke korar wasu. A gidan biki a riƙa kiran "mai hoto, zo nan". Ta ba shi wurin tsayawa a cikin jama'a, kuma mutum ba ya manta abin da ya yi masa haka.

Kuɗi, da gardamar da ba ta ƙarewa

Kai ɗan kasuwa ne, ka yi mamakin an taya da riba an ƙi sallamawa. Akwai wani gwaji sananne da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990. Sun raba wa wasu ɗalibai a Amurka kofunan shayi kyauta, wasu ba a ba su ba, sannan aka buɗe ciniki. Waɗanda aka ba kofin sun nemi kusan ninki biyu na abin da masu saye suka yarda su biya. Kofin da bai yi awa guda a hannunsu ba ke nan. Ina ga abin da mutum ya yi adashi, ya hana kansa sabon ɗinki na Sallah, ya bi mota zuwa Kano ko ya aika Legas kafin ya mallaka? A lissafinsa wahalar nan duk tana cikin farashi, mai taye kuwa ƙarfen kawai yake gani.

Akwai kuma lissafi na zahiri da zai iya sa ƙin sayarwar ya zama dabara. Kyamara ba ita kaɗai take tafiya ba. Gilasai, filasha, batura da caja duk na gidanta ne, kuma sau da yawa gilashi mai kyau ya fi gangar jikin tsada. Kowane kamfani da irin bakin da gilashinsa ke shiga. Nikon ya fito da nasa a 1959 ya riƙe shi shekaru da dama, har jika kan iya ɗaura gilashin kakansa. Canon ya sauya nasa a 1987, masu tsofaffin gilasai suka ji haushi ƙwarai. A 2018 kamfanonin biyu suka sake fito da sabon baki don sabon samfurin kyamarori marasa madubin nan na ciki da ke turo hoto zuwa wurin leƙawa. Wanda ya tara kayan gida ɗaya, sauya sheƙa asara ce gare shi. Ga kuma canjin dala: in ya sayar yau da 'yar riba, kuɗin ba lalle su sayo masa irinta gobe ba.

Daga nan ne yabon da kake ji a majalisarsu ke samun gishiri. Wanda ya zuba dukiyarsa a Canon dole ya gaya wa kansa da abokansa cewa launin fatar mutum ya fi fitowa a Canon. Na Nikon ya ce nasa ya fi jure wuya. Yaran Sony, da suka yi yawa tun fitowar kyamararsu marar madubi mai cikakkiyar sensa, wato babba mai girman hoton fim, a 2013, su ce duk sauran tsoffin yayi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a kowace magana, amma ra'ayina shi ne yawancinta kare zaɓi ne kawai. Wanke hotunan biki ɗaya daga kyamarori uku, ka baje su a tabarma, ka ce masu gardamar su ware. Kaɗan ne za su iya. Gardamar dai tana da amfaninta, don a cikinta ake koyon aiki, a san wa ke gyara da kyau, a san inda ake samun na hannu mai lafiya, a ari gilashi a tsakanin waɗanda suka san darajarsa.

Kamfanonin ma sun gane inda kasuwa ta koma. A 2010 masu ƙera kyamara na Japan sun fitar da kimanin miliyan 121 a shekara. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Waya ta cinye masu ɗaukar hoton yau da gobe, saura 'yan sana'a da masu sha'awa. Su kuwa ba ingancin hoto kaɗai ake sayar musu ba, har da daɗin riƙo, da ƙarar dannawa, da kamannin da. Fujifilm na yin sababbin kyamarori masu siffar na kakanni, mutane na layi a kansu. Leica, da ta fara fita kasuwa a 1925, har yau sunanta kaɗai kuɗi ne. Saboda haka wani kaso na wannan so shuka shi ake yi da talla, kuma mai hankali ya kamata ya san da haka.

Batun waya ba zan yi maka musu ba. Da rana, mutum na tsaye kusa, wayar zamani ta ishi yawancin mutane. Bambancin yana fitowa a nesa, a duhu, da wurin gudu. Cikakkiyar sensar kyamara milimita 36 ce a 24, ta waya ba ta kusa da haka, sai ta cike giɓin da lissafin kwamfuta, ta gyara fuska yadda ta ga dama. Mai kyamara shi ke yanke hukuncin da kansa, kuma wannan ikon yana cikin abin da yake so.

Hana aro

A nan, Alhaji, ka yi haƙuri, bayan ƙanenka nake. Na san a al'adarmu ƙane ya ce wa wansa a'a a kan abin hannu yana da nauyi, kuma da ya kyauta da ya zaunar da kai ya yi maka bayani, ko ya turo abokin aikinsa ya ɗaukar maka sunan. Amma hanin kansa yana da hujja.

Katin da ke cikin kyamarar mai aikin biki ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai hotunan amaren mutane, akwai na kamu da wuni inda mata suka saki jiki ba mayafi saboda an amince da wanda aka shigo da shi. In kyamara ta shiga taron suna, daga hannunka za ta koma na wani yaro, shi kuma ya hau danne-danne yana kallo. Hoto ɗaya ya fita ta nan, sunan ƙanenka ya ɓaci a garin, kuma ka san Daura ba ta da girman da magana za ta ɓuya. Ni ko ɗan cikina ba na miƙa wa kyamara da katin aiki a ciki.

Sannan ga lafiyarta. Wanda bai sani ba zai iya cire gilashi a tsakar gida ana shara, ƙura ta zauna a sensa, kowane hoto daga ranar ya fito da ɗigo a wuri guda. Zai iya taɓa wani saiti a ciki, mai ita bai lura ba sai a tsakiyar ɗaurin aure. Labulen nan ma yana da adadi: ƙananan kyamarori kamfani kan gwada su a kan dannawa wajen 100,000, manya na 'yan sana'a 300,000 zuwa sama. In ta faɗi kuwa, kai da shi duk kun shiga uku, don ba ya iya ce maka biya, kuma gyaran kirki sai an bar gari.

Gugar dare ita ma ba shirme ba ce a ƙasar da hunturu ke shigar da ƙura har cikin akwati. Abin da zan so a tabbatar shi ne yana yi daidai: a fara hure ƙurar da 'yar robar hura iska kafin a sa ƙyalle mai laushi, kada a goge gilashi da bakin riga, don ƙurarmu yashi ce, tana kankare shi. Da damina kuma kada ta daɗe a rufe cikin jaka mai danshi, fumfuna na tsirowa a cikin gilashi. Roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi sun wadatar. Da bazara kada a bar ta a cikin mota a rana.

Inda ya kamata ka sa ido

Son kyamara iri biyu ne, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Akwai wanda sonsa ke fitowa a hotunansa, akwai wanda sonsa ya tsaya a kan kayan. Na biyun za ka ji kullum yana cewa da zai samu gilashi kaza da an ga aiki, ya saya, bayan wata biyu wani yake hange. Ya fi ɗaukar hoton kyamararsa a kan ɗaukar hoto da ita. Irin wannan ne ke cin bashi, ya taɓa jarin wani, ya karɓi kuɗin albam ɗin mutane ya sayi kaya ya bar su suna sintiri.

Abin da ka faɗa game da ƙanenka bai yi kama da wannan ba. Mai ciwon saye-saye da an taya tsohuwar da riba zai sallama ya ruga neman sabuwa. Wanda ya riƙe tsohuwa yana gogewa yawanci aikin ne a ransa. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗaya daga cikin manyan masu hoto da Najeriya ta yi, da 'yar akwatin Brownie mai arha ya fara a 1950, kuma abin da duniya ta san shi da shi hotunan kitson matan ƙasar nan ne, kusan 1000. 'Yan sama jannatin Amurka da suka sauka a wata daga 1969 zuwa 1972 sun tafi da kyamarorin Hasselblad masu tsadar gaske, suka baro 12 a can don rage nauyi, fim ɗin kawai suka dawo da shi. In kana son ka auna ƙanenka, ka ce ya nuna maka hotunan bara da na bana. In ka ga ci gaba, ka ga ya fara lura da haske, ya fara fita don kansa ya ɗauki Kusugu ko kasuwar dabbobi ko masu jima ba don an biya shi ba, to sonsa na haihuwa.

Iyakata ke nan: ban ga yaron ba, bakinka kawai na ji, kuma ni mai hoto ne, ba likita ba. In abin ya kai yana barin salla ko hakkin iyali saboda ita, ko ya daina shiga mutane, ko ƙaramar ƙarzuwa ta hana shi barci kwana da kwanaki, wannan ya wuce sha'awar sana'a, sai a zauna da shi, in ta kama a nemi masana. Hukuncin hoto a addini kuma na malamai ne, ba zan sa baki ba.

Tunda kai ne babba kuma ka san ciniki, akwai inda za ka amfane shi fiye da kowa. Yawancin yaranmu ba sa cire kuɗin tsufan kaya daga abin da suke samu, sai ranar da labule ya tsaya su rasa na gyara. Ka koya masa ware wani abu daga kowane aiki. Ka sa ya rubuta lambar jikin kyamarar da ta kowane gilashi ya ajiye tare da rasit, don ranar hawa ɓarayi ma suna fitowa aiki. Hotunan mutane kuma ya riƙa ajiye su a wuri biyu, kada ya goge kati sai ya tabbatar sun shiga duka biyun.